Agogon Ɗakin Haihuwa

Ba a sanyaya jaririn ba, alhali da sauran minti arba'in cikin lokacin da aka ƙayyade. Babbar ungozoma, wadda kowa ke kira Sista, ita ta gano haka ranar Laraba da safe a teburinta na bakin ɗakin haihuwa.

An haifi yaron ranar Talata bai yi kuka ba. Sai da aka yi minti takwas ana hura masa iska kafin ya ja numfashi. Da rana ya fara fizge-fizge, aka haura da shi ɗakin jarirai, inda wata likita ke bincike kan yaran da numfashi ya yanke wa wajen haihuwa. Kwantar da su ake yi kwana uku a kan katifa mai sanyi, don rage lahanin ƙwaƙwalwa. Sharaɗin shi ne a fara cikin awa shida da haihuwa. Likita ta ɗauki katinsa da ƙarfe uku da minti goma, ta ga an rubuta an haife shi tara saura ashirin. Awa shida da rabi ke nan. Ba ta kunna katifar ba.

Uban yaron, wani mai walda, shi ya zo karɓar takardar haihuwa. Ya duba, ya yi ɗan murmushi irin na wanda bai yi barci ba.

"Sista, ai kun ƙara wa ɗana shekaru tun bai san duniya ba."

"Kamar yaya, maigida?"

"Tara saura ashirin ina waje ina sayo safar hannun da kuka aike ni. Duba nan." Ya miƙa wayarsa. Saƙon da ya tura wa yayansa ne da goma saura minti biyar: ta sauka yanzu, namiji, ku yi addu'a.

Sista ta ɗaga kai ta dubi bango. Agogon yana can sama da ƙofa, inda sai da tsani ake kaiwa. Shekara biyu ke nan yana baya da awa ɗaya da minti goma. Ungozomomi suna kiransa Kaka. In wata ta makara, sai ta ce ai Kaka bai ce ta makara ba. Duk wadda ta daɗe a ɗakin ta san ana ƙara masa, ko a duba waya. Mako uku da suka wuce Sista da kanta ta hana shiga ɗakin da waya.

Ta kira sabuwar ungozomar da suke ce wa Auta.

"Ina kika ga lokacin da kika rubuta jiya?"

"A bango, Anti."

"Ba wanda ya gaya miki?"

"Gaya mini me?"

Wata tsohuwar ma'aikaciya da ke naɗe zanin gado ta fara dariya. "Kai, Auta, Kaka kika yarda da shi? Wannan ko mijinki ne ai..." Ta ga fuskar Sista, ta koma kan naɗe zaninta.

Sista ta haura bene da katin a hannu. Likita ta saurara a tsaye. Ta lissafa da yatsu, ta sake lissafawa, sannan ta zauna.

"Katifar babu kowa a kanta jiya," in ji ta. "Har na jona ta."

"Yanzu fa, likita?"

"Ya kwana ɗaya, Sista. Yanzu ba ta da amfani."

Yaron yana cikin akwatin gilashi na biyu, da siririyar roba a hanci. Yatsun hannunsa na dama a dunƙule suke.

Da ta sauko, mai waldan yana inda ta bar shi, ya ciro biro daga aljihu don a gyara masa takarda. Ta ja kujera ta ce ya zauna. Ta faɗa masa duka, har da maganar waya. Bai ɗaga murya ba.

"Da an sa shi, da ya warke?"

"Ban sani ba. Wasu yana taimakonsu, wasu ba ya yi."

"Shi fa?"

Ta ce hoton ƙwaƙwalwa ne zai nuna iyakar abin da ya taɓu. An ba su ranar Litinin. Har zuwa yammacin Laraba yaron bai kama nono ba.