Fastar da Aka Liƙa wa Baba

"Wa ya taɓa rimot ɗin nan?"

Injiniya na durƙushe gaban talbijin, yana danna maɓalli kamar zai huda shi. Jiya fina-finai ɗari biyu da sha ɗaya ne jere a allon. Yanzu saura ɗari biyu da huɗu.

Yayarsa ta leƙo daga kicin, hannunta duk kumfa. "Ni ce. Sai me?"

"Me kika yi?"

"Shara na yi. Na kawo yara su gaida Inna, suna kunnawa sai ga mace tsirara da wuƙa a baki. Abin da aka tura ka waje ka koyo ke nan? Guda bakwai na goge, kuma da na ga na takwas da ya bi su."

Wata uku ke nan da dawowarsa daga karatu, 'yan gida suka laƙaba masa Injiniya, rabi yabo rabi zolaya. Mako guda ya kwashe a kan ƙaramin akwatin fina-finan da ya haɗa da talbijin ɗin falo. Ya zaɓi launi, ya canza, ya sake zaɓa. Ya ɗora wata manhaja mai duba sunan kowane fim, ta shiga intanet ta kwaso fastarsa da shekararsa da sunayen 'yan wasa. Aibinta ɗaya: ba ta iya cewa ban sani ba. In ta rasa gane abu, sai ta liƙa masa fastar duk wanda sunansu ya yi kusa.

Ya buɗe ma'ajiyar fina-finan yana bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ya kai ƙarshe ya dawo farko.

"Mai wuƙar nan," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Kin buɗe kafin ki goge?"

"In buɗe? A gaban 'ya'yana? Allah ya kiyaye."

"Baba ne."

"Wane Baba?"

"Babanmu! Nawa gare mu?" Ya miƙe, ya yi jifa da rimot kan kujera, batir ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin tebur. "Kaset ɗin bidiyon da yake gyaran rediyo a tsakar gida, wanda na juye cikin akwatin nan. Minti arba'in. Muryarsa ba ta ko'ina a duniya sai a nan. Yau na ce wa Inna zan kunna mata."

Yaya ta sauke hannunta. Kumfar ta gangaro ta ɗiga a kan kafet.

"Ke dai komai sai kin sa hannu! Kayanki ne? An tambaye ki? Tun muna yara haka kike, ki yanke hukunci kafin ki ji ƙara. Mutum ko tambaya ba zai yi ba!"

"Kai, ka iya bakinka. Ni na goya ka." Ta matso. "Wa ya sa wa mahaifinmu hoton 'yar iska?"

"Na'ura ce ta yi kuskure."

"Na'ura ta sayo kanta ta shigo gidan nan? To ɗauko kaset ɗin, a sake juyewa."

Ya sunkuya yana laluben batir a ƙarƙashin tebur.

"Ina kaset ɗin, Injiniya?"

"Ya yi tsatsa. Zarensa ma ya fara cinyewa."

"Ina yake?"

"Na zubar."

Ta tafa hannu sau ɗaya, kumfa ta fantsama. "Shekara goma sha biyar yana cikin akwatin Inna, naɗe a ɗankwali. Mu jahilai ba mu ɓatar da shi ba. Mai ilimi ya zo, mako ɗaya!"

Shekaranjiya ya ga fastar. Dariya ma ya yi, ya ce zai gyara idan ya gama da launin bango. Kuma shi da hannunsa ya kunna wurin da ke ba rimot ikon gogewa, don kada ya riƙa tashi zuwa kwamfuta. Ya sake durƙusawa, ya zare wayar ma'ajiyar ya mayar, ya duba ko wani abu ya rage. A wurin da aka goge, akwatin ya riga ya zuba sababbin fastoci da ya kwaso da safe.

Takun silifa ya taho daga ɗaki. Inna ta shigo a hankali tana dafa bango, ta zauna a kujerar da ke fuskantar talbijin. Ta sa sabon mayafi. Ta ciro tabarau, ta huhhura, ta goge da bakin zani, ta saka.

"Hayaniyar me nake ji? Gida kamar tasha." Ta dubi allon, fastoci jere reras, kowacce da taurarinta a ƙasa. "Kai, abin ya yi kyau. To wanne ne malam a ciki?"

Yaya ta ja numfashi za ta yi magana.

"Babu shi, Inna," in ji Injiniya. Bai ɗago ba. "Ni na ɓatar. Har kaset ɗin."

Inna ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta cire tabarau, ta ninke, ta riƙe a cinya.

"To kashe," ta ce. "Wuta yake ci."