Awon Safiyar Laraba

Shekara biyu da samun mulkin kai, Kulu tana nan tana jan laka a rijiyar ƙauyensu, gabas da Kudan. Rijiyar nan munafuka ce. Kafin gari ya waye ta taru, hantsi na yi an kwashe ta, da la'asar kuwa ko akuya ba za ta ƙoshi ba. Daga nan sai rafi mai nisa, inda jikokinta uku suka kwaso kurkunu.

An ce za a haƙa sababbin rijiyoyi a inda ake da bukata. Mai tantance bukatar shi ne Malam Sama'ila, malamin awo, wanda ke zuwa a kan keke duk Laraba da sassafe don kada rana ta taɓa shi. Mai unguwa Ashafa kuwa, sarkin kara, ya hana kowa jefa guga ranar Laraba sai baƙo ya gama, wai kada a ce garinsu ba ladabi. Sai malam ya zura igiyarsa mai ƙulle-ƙulle, ya rubuta ƙafa shida. Wata takwas ƙafa shida!

Ranar da aka ji cewa ba sunansu a cikin masu samun rijiya, Kulu ta tare malam, ta riƙe kan kekensa.

"Malam, abin da ke cika ya ƙafe kullum, shi kake leƙawa sau ɗaya a mako? Ko sau biyu a yini ai ka yi masa rowa."

"Iya, igiya ba ta ƙarya."

"To zauna ta faɗa maka gaskiyar la'asar."

Ashafa yana ta "Haba Kulu, baƙo ne fa," ta ce shi ma ya rufa mata baki, karar tasa ce ta kashe su. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

Malam ya zauna, don ta ƙi sakin keken. Da la'asar ya zura igiya, ta fito da laka a baki, ko ƙulli ɗaya bai jiƙe ba. Ya dubi igiyar. Sannan ya buɗe takardarsa, ya juya gaba, ya juya baya.

"Iya, gurbi ɗaya ne kowane mako. Na Larabar nan na cike shi tun da safe."