Hannun Mai Aski

…to in ba ƙarfen ne ya ci amanarsa ba, mene ne? Makulli dai ba ya karyewa haka siddan. Ga shi nan, rabi a tafin hannunsa, rabi a cikin ramin ankwa, ankwar kuma a hannun mutum. Mai gadin yana tsaye a bakin ƙofar siton kanti, bayansa a jikin bango, yana jujjuya guntun makullin. Fanka na kaɗawa a sama, iskar ba ta sauko musu.

Mutumin dattijo ne. Mai aski ne, in ji shi, shagonsa na bayan tashar mota. Yana zaune a kujerar roba tsakanin kwalayen sabulu da jarkokin mai, hannuwansa a baya. Fakitin reza aka gani a aljihunsa… ya ce mantuwa ce, kaya suka yi wa hannunsa yawa… yarinyar da ke karɓar kuɗi ta kwarma ihun ɓarawo, ya ture ta, gwangwanaye suka zube. Manaja ya ce a riƙe shi kafin 'yan sanda su zo. A riƙe shi. To, ya riƙe shi. Ba don haka aka ɗinka masa kaki ba?

Ƙas.

Ya kuma jingina. Duk lokacin da dattijon nan ya jingina da kujera, bayansa ya danne ƙarfen, sai ankwar ta ƙara shiga haƙori guda. Gaba take ci, ba ta komawa baya. Da farko ma ƙarar daɗi ta yi masa a kunne, shi mai gadin. Gara ya faɗa wa kansa gaskiya, daɗi ta yi masa. Saboda ƙarar nan ya zaɓi ankwar.

Wadda kamfani ya ba su ai abin dariya ce. Shafal, kamar murfin gwangwani. Ranar da ya kai ta gida matarsa ta maƙala ta a hannun ƙofa, ta zare fil daga ɗankwalinta, kafin ya gama cire takalmi ta buɗe ta. Ta ce in dai da wannan zai kama ɓarawo, to ya riƙa roƙonsa ya tsaya. Har maƙwabciya sai da ta ji labarin. Shi ya sa ranar hutunsa ya shiga kasuwa, shago shago, yana ɗagawa, yana auna nauyi a tafinsa, yana ƙwanƙwasawa a kan kanta, yana kara kunne. Wannan sarƙarta siririya ce. Waccan bakinta da kaifi, za ta yanki mutum. Har wannan ya duba, kada ta yanki mutum. Sai ga wannan, mai nauyi, sumul, haƙoranta na shiga ɗaya bayan ɗaya ba gargada. Matarsa ta lanƙwasa fil har ta gaji, ta jefo masa kayarsa a cinya, ta ce to sarkin yaƙi, an yarda.

Hannun hagu da sauƙi. Na daman ne… ya kumbura, naman ya taso ta gefe da gefe har ya kusa binne ƙarfen, yatsun sun yi suntum, farcen ya sauya launi. Da ya ga haka ne ya sa makulli. Makullin ya juya, ƙarfen ya ƙi saki, babu wurin da zai motsa. Ya ƙara ƙarfi. Me ake yi wa abin da ya ƙi buɗuwa in ba ƙara ƙarfi ba? Sai ji ya yi hannunsa ya tafi a banza.

Manaja ya ce bari ya kira mai walda. Ya fita, bai dawo ba. Yana can gaba yana tsara gwangwanaye da kansa, mutumin da ko tsinke bai taɓa ɗagawa a kantin nan ba. Ya fi masa, gobe in an tambaye shi sai ya ce bai gani ba.

Horo… an ba su horo mana, wa ya ce ba a ba su ba? Wata safiya, a filin bayan ofis, cikin rana. Wani mai tumbi da usur a wuya ya koya musu tsayuwa, da sara wa manya, da ɗaga sandar ƙofa ba tare da ta sauka a kan motar mutane ba. Goge takalmi ma an yi darasinsa, har da gwaji. Da aka zo ƙarshe ya ɗaga ankwa sama yana kaɗa ta, ya ce wannan kuma sai darasi na gaba. Ya tambaya daga baya? Ya tambaya, aka ce wata mai zuwa. Watan ya zo ya wuce da 'yan uwansa. Bai sake tambaya ba. Ƙato da shi, da gemu, a zaunar da shi a koya masa rufe kwaɗo?

“Ɗana,” in ji dattijon, bai ɗago kai ba. “Ba na jin babban yatsana.”

Ba faɗa, ba zagi. Da ma zaginsa ya yi.

Mai gadin ya ce masa ya yi haƙuri, Baba, mai walda na hanya, ya ɗan sunkuya gaba kada ya jingina. Dattijon ya sunkuya, amma baya ya tsufa, ba ya jure sunkuyo. Sai ga mai gadi durƙushe a bayan kujera, gwiwar wandonsa a cikin garin sabulu, ya tallafe gwiwoyin hannun mutumin da ya kama, yana tare shi da kafaɗa. Wa ya kama wa yanzu? In wani ya leƙo… to ya leƙo.

Daga nan ana ganin hannun sosai. Ga kanta, fata ta yi tauri a gindin babban yatsa, daidai inda kunnen almakashi ke zama. Ga 'yan guntayen gashi maƙale a ƙarƙashin farce, baƙi da fari, na mutanen da ya aske yau da safe. Ashe dai da gaske mai askin ne. Da wannan yatsan ake naɗe kunnen mutum a bi bayansa da reza, da shi ake tura kai gefe, ba magana, kai kuma ka bi… Nasa mai askin haka yake yi masa duk ƙarshen mako, yana ba shi labarin ƙwallo, shi kuma yana gyangyaɗi, ya miƙa wuyansa ga aska hankali kwance.

Ya taɓa yatsan. Sanyi ƙalau, a ɗakin da kowa ke zufa. Ya tambaya ko ya ji. Dattijon ya ce me?

Za a kore shi, wannan ba sai an faɗa ba. Za a karɓe kakin, da hular, da takalmin da ya fi na kowa sheƙi. Sannan ya koma gida ya faɗa wa matarsa. Yana tunanin duk wannan, amma daga nesa, kamar labarin maƙwabci. Abin da ke kusa shi ne yatsan nan. Tsoro yake ji, tsoro zalla. Reza… fakitin reza… in ma satar ya yi, hannu ne kuɗinta?

Takun takalma. 'Yar sanda ce, wata mai manyan shekaru, mai walda na biye da ita da ƙaton almakashin ƙarfe a kafaɗa. Ba ta tambayi wa ya saci me ba. Ta zagayo bayan kujera, ta duba, ta miƙo masa tafinta. Ya ajiye mata guntun makullin, yana shirin bayani, cewa ƙarfen ne, cewa an cuce shi a kasuwa…

Ta juya guntun. A ƙeyarsa akwai wani ɗan tsinke. Ta laluba gefen ankwar, ta sami wata 'yar kafa, ta tura tsinken ciki, ta yi wa ɗaya gefen haka. Sannan ta danna zoben hagun da yatsa, da ƙarfi. Shiru. Ba ƙas.

“Ankwarka mai kyau ce,” ta ce. “Da ka danna nan tun farko, da ba ta ƙara matsewa ba. Ba a nuna maka ba?”

Tsinken nan. Ya san shi mana. Da shi yake sakace farcensa kullum da rana, a kan benci a bakin ƙofa, in ciniki ya lafa. Ya ɗauka don kwalliya aka yi shi… ko don a rataya… bai ma ɗauki komai ba, bai taɓa tambayar kansa ba.

Mai walda yana nishi, yana neman inda zai cusa bakin almakashi tsakanin ƙarfe da nama. Yana yabon ƙarfen, wai bai taɓa gamuwa da irinsa ba. Sarƙar ce ta fara tsinkewa, sannan zoben, da ƙyar.

Hannun na kan cinyar dattijon yanzu, da layi mai zurfi a zagaye da wuyan hannun. 'Yar sandan na cewa asibiti, yanzu, wani sa'in jin yatsa yakan dawo, wani sa'in kuma… ba ta ƙarasa ba. Dattijon bai saurare ta ba. Ya ɗaga hannun daidai fuskarsa, ya ware yatsun kamar mai riƙe da almakashi. Manuniya ta motsa. Na tsakiya ya motsa. Ya zuba wa babban yatsan ido, yana jira.

Mai gadin na durƙushe har yanzu, ya manta ana tashi. Shi ma yatsan yake kallo. Motsa mana… ko kaɗan ne… motsa…