Ki Sake Cewa Cuku

"Mama, wannan ce matar da kika ce ba ita ke rubuta littattafanta ba?"

'Yar Baba ce ta yi tambayar, kuma abin haushi, tas maganar ta fito, ko harafi ɗaya bai maƙale ba. Yarinyar da in'ina kan riƙe wa harshe kafin ta iya neman ruwan sha, yau ga shi ta zazzage jimla guda a gaban shugabar ƙungiyar marubuta, a ƙaramin ɗakin taro na otal, ana tsaka da jera kwandunan kyauta a kan tebur.

Uwar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sabuwar marubuciya ce, wannan ne taronta na farko, kuma ta zo da yarinyar ne don ba ta da wanda za ta bar wa ita. Maganar kuwa da ƙawarta ta yi ta a waya tana wanke-wanke, ba ta san kunnuwan 'yar shekara biyar suna naɗewa ba.

Shugaba ta juyo a hankali, ta sauke tabarau kan hanci, ta yi murmushin da ya fi harara ciwo.

"Iyye! 'Yar wace ce wannan mai bakin?"

"Tawa ce, Anti. Wallahi shirmen yara ne, wata daban nake..."

"Haba ƙanwata, wa ke riƙe maganar yaro? Zo nan, 'yata. Yaya sunanki?"

"'Ya-'ya-'yar Baba."

Idon Shugaba ya ɗan tsaya a kan bakin yarinyar. Sannan ta waiwayi Edita, mai tace littattafan 'yan ƙungiyar, wanda ke ɗaura waya a kan ƙarfenta mai ƙafa uku.

Duk shekara haka suke yi. In an rufe taro, kamfanonin da suka ɗauki nauyi sukan ba manyan baƙi kwandon kayan ƙwalama na masu hali, sai Shugaba da Edita su zauna gaban waya su ɗanɗana ɗaya bayan ɗaya, su yi sharhi a shafin ƙungiya. Sauran marubuta su tsaya a gefe suna haɗiyar yawu suna tafi.

"Bana mun samu alƙaliya," in ji Shugaba. "Yaro ba ya ƙarya, ai yanzu muka gani."

"Anti, ba ta saba da mutane ba. Kuma maganarta..."

"Maganarta garau take, ni shaida ce."

Edita ya ɗago. A hannunsa littafin uwar na farko yake kwance wata da watanni, kullum amsarsa ita ce ana dubawa.

"Bar ta mana ta zauna," ya ce. "Ai gara masu karatu su fara sanin gidanki kafin littafin ya fito."

Bai taɓa haɗa littafin da kalmar fitowa ba sai yau. Uwar ta matsa wajen kwandon ta yi abin da ta iya: ta juya kwalbar ruwan inabi mai kumfa ta karanta bayanta, ta tabbata babu abin sa maye, ta duba ranar lalacewar zumar, ta ture gwangwanin gahawa gefe.

"Wannan dai ba za ta sha ba."

"To, likita, mun ji," in ji Shugaba.

Ta durƙusa ta gyara wa 'yarta wuyan riga. Akwai dabarar da likitar magana ta koya musu: yarinyar ta buɗe tafin hagu, ta riƙa buga yatsan dama a kai, kowace gaɓa bugu ɗaya. Da wannan ne suka ci ƙarfin "ruwa" da "makaranta" da "ina kwana".

"Ki buga yatsa, kin ji, 'yar albarka? A hankali. Babu mai korar ki."

Shugaba ta ɗora yarinyar a cinya, ta danƙa mata biskit a hannun hagu, ta riƙe na daman cikin nata tana shafawa, kamar kaka da jika.

Aka fara. Edita ya lashi zuma mai yaji, ya lumshe ido, ya ce tana farawa kamar gabatarwa ta ƙare kamar babin ƙarshe. Shugaba ta tauna zaitun ɗaya ta ce gishirinsa ya yi surutu da yawa, yana bukatar edita. Aka yi dariya, aka tafa. Aka ba 'Yar Baba zaitun, ta yamutsa fuska ta tofar a tafin Shugaba, ɗakin ya sake ɗaukar dariya. Har uwar ta ɗan saki ajiyar zuciya. In dai iyakar abin ke nan, da sauƙi.

Sai Shugaba ta ɓare wata takarda mai ruwan zinariya.

"Alƙaliya, faɗa wa masu kallo, mene ne wannan?"

Yarinyar ta san shi sarai. Ta ja hannun damanta, bai fito ba.

"Ca... ca-ca-ca... cakulan."

Wani a baya ya ƙyalƙyale. 'Yar Baba ta waiga, ta ga manya suna dariya, ita ma ta washe baki, a zatonta abin kirki ta yi.

"Madalla! To wannan fa?" Shugaba ta buɗe wani ɗan akwatin katako. Wari ya bugi ɗakin. Cuku ne fari mai jijiyoyi kore-kore, irin wanda ake cewa sai ya tsufa yake tsada. "Cuku ake ce masa. Ce cuku."

"Cu... cu..."

"Ba mu ji ba."

"Cu-cu-cu..."

"Edita, janareta ya ƙi tashi, zo ka ja igiya!"

Wannan karon har da masu dafa bango. Wata mai rubuta waƙoƙi ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

"Cuku," yarinyar ta fitar da ƙyar, jijiyar wuyanta a miƙe.

"Yauwa! Sake faɗa, na baya ba su ji ba. Ɗazu ai ba ki sha wannan wahalar ba. Ki sake cewa cuku."

Murmushin 'Yar Baba ya tafi. Leɓɓanta suka tsuke, suna rawa, iska na fita babu sauti. Ta daina kallon cukun, ta shiga neman uwarta a cikin fuskoki. Yatsun da ke cikin hannun Shugaba suna ta motsi.

Uwar ba ta san lokacin da ta ratsa gaban wayar ba. Ta zare hannun 'yarta daga na Shugaba, yatsa bayan yatsa, ta ɗauke ta ta saɓa a kafaɗa.

"Ya isa haka." Ta juya ga Edita. "Don girman Allah, Malam, in za ku sa, ku yanke wurin nan."

"A yanke me? Kai tsaye muke, ƙanwata."

Ya juyo mata da fuskar wayar. Ƙananan fuskoki masu hawayen dariya suna ta hawa sama kamar kumfa, a ƙarƙashinsu mutane na rubuta cu-cu-cu.

Shugaba ta goge hannu da tawul, ta dubi wayar da fara'a. "To masu kallo, kun dai gani, cukun nan ba kowa yake karɓa ba." Sannan ta rage murya, daidai kunnen uwar: "Ɗauki kwando ɗaya, ladan alƙaliya. Kya koya mata abin da ake faɗa a gaban manya."

Ba ta ɗauka ba. Tana jin Edita yana cewa za su yi magana a kan littafin, ba ta waiga ba.

A motar haya ta zaunar da yarinyar a cinya, ta ɓamɓare biskit ɗin da ya dagargaje a tafinta, ta goge da hankici.

"Kin san abin da ya ba su dariya? Warin abin nan ne. Kin ji shi kuwa? Kamar safar Babanki."

'Yar Baba ta kalli taga.

"In mun sauka in saya miki alewa?"

Ta ɗaga kai kawai.

Wayar uwar ta yi ta zillo a jaka. Sai a lokacin ta tuna. Da safe, da hannunta, ta tura wa dangi da maƙwabta da iyayen yaran ajin 'yarta shafin ƙungiyar, ta rubuta musu su leƙa da la'asar su gan ta cikin marubuta.

Suna sauka a bakin layi, mai kanti ya leƙo ta kan buhunan sukari, fuskarsa cike da murna, babu mugunta ko kaɗan a ciki.

"Ga tauraruwarmu! Cu-cu-cuku, an dawo?"

Matar gidan sama ta leƙo daga baranda tana shanya. "Maman 'Yar Baba, wallahi kun kashe mu da dariya! Har na tura wa yayata."

Uwar ta rufe kunnen yarinyar da tafinta, ta ƙara sauri.

Baban ne ya buɗe ƙofa. Daga wurin aiki yake, bai ga komai ba tukuna. Ya durƙusa ya ware hannuwa kamar kullum.

"'Yar Baba ta Baba! Me aka ci a otal ba a rago mini ba?"

Yarinyar ta buɗe baki. Ta dubi uban, ta dubi uwar, ta mayar ta rufe. Ta wuce ta gefensa zuwa kicin, ta tsaya gaban tulun roba, ta nuna shi da yatsa.

"Ruwa kike so?" in ji uwar. "Faɗa mana, 'yar albarka. Ru-wa. Mu kaɗai ne."

Yatsan bai sauka ba. Uwar ta ɗauko kofi ta zuba mata.

Bidiyon yana nan yana yawo, an ma datse shi ya koma daidai wurin cukun. In ya iso wayarka, ban ce kada ka yi dariya ba, wannan tsakaninka da Allah. Amma kada ka kunna shi a mota, ko a layin asibiti, ko a ƙofar makaranta. Yarinyar ba ta iya karatu ba tukuna, sai dai tana gane muryarta tun daga nesa, kuma ba ka san wadda ke zaune a bayanka ba.