Ƙafar Joda da Satifiket ɗin Oga

Kwana huɗu ke nan Joda yana kwance a bayan kanta, kwana huɗu kuma Sajan Munawwara tana kai wa Oga Halliru, shugaban caji ofis ɗin, takardar kai shi asibiti, yana ture ta da bayan hannu. Bijimi ne ya soki dattijon a ƙwauri ranar Laraba a kara, rigima ta kaure kan wanda ya saki dabbar, aka kwaso kowa har da shi. Sauran duk an yi belinsu, shi kaɗai ya rage. Yanzu ciwon ya ruɓe. Tun daga bakin ƙofa warin yake tarar mutum, ƙudaje kuwa sun tare a wurin.

"Sajan, ba ki ga ina kwas ba ne? Bari in gama tukuna."

Kwas ɗin na koyon shugabanci ne ta intanet, wanda Oga ya ƙwallafa rai a kansa saboda ƙarin girma. Sunansa ne a kai, amma yatsan Munawwara ke aikin. Ita ke kallon bidiyo, ita ke amsa tambayoyi, shi yana gefe ya tuɓe takalma yana sakace bayan ya tashi da balangu. Sau nawa ya kamata shugaba ya leƙa ɗakin da ake tsare mutane? Kullum. Me za a yi wa tsararre marar lafiya? A kai shi asibiti nan take. Ta danna, kwamfuta ta ce daidai ne. Oga ya yi gyatsa ya ce, "Kai, ina da ƙwaƙwalwa!"

Sai ga matakin ƙarshe. Malamar kwas za ta kira ta bidiyo, kowane ɗalibi ya zagaya da ita ofishinsa ta gani da idonta.

Mutumin da sa hannu ɗaya ya gagara kwana huɗu, ranar sai ga shi da zafin nama. Aka wanke ɗakin, aka turara shi da turaren wuta, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Joda kuwa aka kinkime shi zuwa rumfar baya, aka yasar tsakanin baburan da aka kama. Tun da dai ba za a nuna ɗaki wayam ba, Oga ya sa Kofur Almustapha da Kofur Auwal suka cire kaki, suka zura jallabiya, suka zauna kan tabarma a matsayin tsararru.

Munawwara ce ke riƙe da wayar. Oga ya gyara hula, ya yi wa malama bayani da Turancin da ya hardace, sannan ya tura ƙofar ɗakin ya shiga.

Zumbur tsararrun nan biyu suka miƙe, suka doka ƙafa ba takalmi, suka sara.

"Monin sa!"

Shekara goma sha biyar jiki ya saba, jallabiya ba ta hana shi. Malama ta tambaya ko waɗannan 'yan sanda ne.

"Ladabi ne, madam," in ji Oga ko kunya babu. "Haka muke tarbiyyantar da su."

Abin ya kai wa Munawwara wuya. Ta juya da wayar a hannu ta nufi baya.

"Sajan! Ina za ki?"

Ba ta waiwaya ba. Ta durƙusa gaban Joda ta ce, "Baffa, yi haƙuri," ta yaye tsumman da aka rufe ciwon da shi, ta kanga wayar daidai ƙafar. Malama ta toshe baki da hannu, sai ka ce warin ya isa har inda take. Ta ce a kai shi asibiti yanzu, ba za ta katse kiran ba sai ta ga mota ta tashi da shi. A kan kujerar wani babur Oga ya sa hannu, abin da bai ci minti ɗaya ba.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," in ji Joda, ana ɗora shi.

Likita ya ce da shekaranjiya aka kawo shi, da wanki da allura sun isa. Aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Bayan mako uku takarda biyu suka zo. Ɗaya ta mayar da Munawwara ƙaramin ofishin wajen Danchuwa. Ɗayar satifiket ɗin Oga ce, don ashe zagayen bidiyon ba shi da wani maki mai yawa, tambayoyin ne ke ɗauke da kwas ɗin. Aka sa wa satifiket ɗin gilashi aka rataye saman kantar ofis.

Ranar da Munawwara ta zo kwashe kayanta ta tsaya ta karanta. Casa'in da shida cikin ɗari. Babu amsar da ba ta tuna ba, har da ta tsararre marar lafiya, don da yatsanta ta danna, alhali Joda yana nishi a bayan bangon.