Tayar Hagu ta Baya

Shekarar da fari ya cinye geron garinmu Dogo, ɗana Zakari ne ke jan tsohuwar a-kori-kurar Alhaji Ari, yana kawo mana dawar agaji daga Damagaram. Ranar da motar ta faɗa rami, buhu biyu suka fashe, Alhaji ya ƙwace makulli a tsakiyar tasha, wai barci Zakari ya yi.

Ƙarya ne. Ina baya ran nan, a kan buhunan, kuma tun fitowarmu birni tayar hagu ke buga mini ƙugu.

Na iske Alhaji da motar a garajin Bukar makanike, na faɗa musu laifin tayar ne. Bukar ya shuri tayar, ya ce, "Inna, lafiyarta lau. Koma gida."

Na ce, "Mota na zaune a kanta, ta ina za ta motsa? Ɗaga ta!"

Aka yi dariya, amma ya ɗaga. Na gyara ɗaurin zane, na kama tayar sama da ƙasa, na jijjiga ta yadda nake gwada ƙotar fartanya. Ƙwas, ƙwas, tana shiga tana fita. Bukar ya durƙusa ya leƙa, ya ce rulma, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ta cinye, saura kaɗan tayar ta fice.

Alhaji ya miƙo mini makulli a ɓoye.

Na ce, "A'a. Gaban mutane ka ƙwace shi. A tasha za ka mayar, da bakinka."

Na haye bayan motar na zauna. Ban sauko ba sai da ya gyara hula ya wuce gaba, ya nufi tasha.