Auta a Kotu ta Biyu

Mai Walda yana tsakiyar haɗa ƙofar ƙarfe ya tuna ya kwana biyu bai ji muryar Auta ba. Ya kashe inji, ya ɗaga gilashin fuska, ya goge hannu a wando, ya kira lambarta. Auta ce 'yarsa ta ƙarshe, kuma ita kaɗai ta kai jami'a a gidan. Bana take gama karatun haɗa magunguna.

Wata murya daban ce ta ɗauka, ga hayaniya a bayanta.

"Baba, ina kwana? Doguwa ce, 'yar ɗakinsu. Wayar tana hannuna, ita tana kotu."

"Tana ina?"

"Kotu, Baba. Kotu ta biyu. Ba a shiga da waya."

Mai Walda ya laluba benci ya zauna.

"Me ta yi?"

"Kai, Baba, ba ka ji ba? Ai jiya ta yi wa wata yarinya kaca-kaca. Duka kan duka, ba sassauci. Da kuka yarinyar ta fita, ƙafa a ɗaure. Yanzu ma akwai zama, amma da yamma ne na ƙarshe. Baba, alƙali ya hau kujera, sai anjima!"

Waya ta mutu. Ya sake kira, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba.

Ya rufe shago da rana tsaka, abin da maƙwabta ba su taɓa gani ba. A gida ya tarar da matarsa tana shanya. Ya aika aka kira ƙanensa Direba. Da suka haɗu a tsakar gida ya faɗa musu abin da ya ji, bai ƙara ba, bai rage ba.

Matar ta saki zanen da ke hannunta a ƙasa.

"Auta? Autar da ko kyankyaso ta gani sai ta hau gado?"

"Ita."

"Yaya, a bi a hankali," in ji Direba. "Wataƙila tsokanarta aka yi."

"Ko uwarta aka zaga. Ubanmu bai tsaya gaban alƙali ba. Ni ban tsaya ba. Kai da kake yawo a titi ma ba ka tsaya ba. Ranar da na kai ta na ce mata karatu na kawo ki, ba wasa ba, ba faɗa ba." Ya ɗaga yatsa. "Ku zama shaida. In na same ta a kotu gaban alƙali, ko an wanke ta ko ba a wanke ta ba, ta gama jami'a. Da ita zan dawo."

"Malam, saura mata 'yan watanni!"

"Na yi magana."

Matar ta toshe baki da gefen mayafi. Ta san mijinta. Wani mai gidajen haya ya taɓa ce masa waldarsa ba ta riƙo, ya ce ba zai sake taɓa masa ƙarfe ba. Mutumin ya zo biko har ya gaji. Da ya mutu, 'ya'yansa suka kawo gyaran ƙofa, Mai Walda ya nuna musu shagon gaba.

Ya sa rigarsa ta fita, shi da Direba suka kama hanya a mota. Direba ya kunna rediyo, ya dubi fuskar yayansa, ya kashe. 

A ƙofar jami'a mai gadi ya leƙo ta taga.

"Ina kotu take?" in ji Mai Walda.

"Ta wasa?"

"Ka ga na yi kama da mai wasa?"

Mai gadin ya ja baya. "Yi haƙuri, Baba. Ku miƙe, ku bi hagu. Inda kuka ji ihu, nan ne."

"Ihu," in ji Mai Walda da suka wuce. "Ka ji. Har taro aka yi mata."

Ginin dogo ne, rufin kwano, motocin ɗalibai cike da gabansa. Ba ɗan sanda ko ɗaya. Wannan ya ƙara tayar masa da hankali, don a saninsa inda babu ɗan sanda a ƙofa, an riga an shige da mutum ciki. Suka bi wani siririn lungu mai warin gumi da man zafi. Wata yarinya mai tsawo kamar falwaya ta taho da gorunan ruwa a ƙirji, ta gan su, ta tsaya cak.

"Baba! Kai ne? Na gan ka a hoto. Ni ce Doguwa. Auta ba ta ce za ka zo ba!"

"Kai ni wurinta."

"An kusa shiga. Zo ka ga kayanmu tukuna."

Ta tsayar da su gaban wani kabad na gilashi. Kofuna ne jere, manya da ƙanana, da lambobi masu igiya. Ta ce kulob ɗinsu na badminton ne. Ta ce da can kullum su ne na ƙarshe, har sauran jami'o'i suna yi musu kirari da masu kawo ruwa. Tun da Auta ta shigo suka fara cin na yanki, bara suka zo na uku a ƙasa, yau kuma suna neman na ɗaya.

Mai Walda bai ji rabin maganar ba. Idonsa yana kan wani kofi a layin tsakiya. Hannun kofin na dama yana da ɗinkin walda siriri, a kwance kamar zare. Ya san ɗinkin. Hutun bara Auta ta kawo masa shi a leda, ta ce na wata ƙawarta ne ya faɗi. Shi ya gyara, shi ya goge, har ya ce mata ƙawar nan taki ta iya zaɓen kwanon sha. A bayan kofin ga hoton Auta, tana dariya, haƙora duk a waje.

"Yaya," in ji Direba a hankali, "anya kotun nan..."

"Rufe min baki."

Suka shiga. Ihu ya doke shi kamar an buɗe murfin tanda. Mutane a kan benaye hagu da dama, suna buga gorunan roba. A tsakiya ƙasa ce koriya da fararen layuka, da raga a tsaye. Gefen ragar wani siririn mutum mai tabarau yana zaune kan kujera mai tsani, kansa ya fi na kowa.

"Ga alƙali can," in ji Doguwa. "Ga kotu ta biyu."

Sai ya gan ta. Dogon wando, ɗankwali ɗaure tam, da wani abu mai kama da matankaɗi mai dogon hannu, wanda Doguwa ta kira raket. A hagu ta riƙe shi, hagun da ya yi shekaru yana hana ta cin abinci da ita. Abokiyar karawarta ta cillo wani ɗan farin abu mai gashin tsuntsu. Auta ta tashi sama, ƙafafu biyu suka bar ƙasa, ta make shi. Ƙarar ta fita kamar an sari kwano. Ta dire ta yi wata kururuwa da bai taɓa sanin tana cikin ƙirjinta ba.

Mai Walda ya dafa ƙarfen bene. Bakinsa a buɗe yake, bai sani ba.

"Wannan ne dukan?"

"Shi ne, Baba! Yarinyar jiya garin tare irinsa ta gurɗe ƙafa."

Auta ta juya ɗaukar tawul, idonta ya faɗa cikin nasa. Hannunta ya sauka. Daga nan wasa ya lalace. Abu ya zo, ta tsaya tana kallo ya faɗi a gabanta. Ta buga, ya shiga raga. Ta sake, ya fita layi. Mutanensu suka yi tsit, na can suka ɗauki waƙa. Kocinsu, wani mai tumbi da usur a wuya, ya dafe kai da hannu biyu. Aka cinye ta zagayen farko.

Da aka ba da hutu ba ta je wurin Koci ba. Ta taho bakin bene ta rusuna, gumi yana ɗiga daga haɓarta.

"Baba, sannu da zuwa."

"Nan ce kotun?"

"Nan ce."

"Wancan ne alƙalin?"

"Shi ne."

Direba ya kasa haƙuri. "'Yata, babanki ya ɗauka kotun gaske ce. Ya rantse gaban innarki, in ya same ki a kotu gaban alƙali, kin gama jami'a. Yaya, ai ka gani da idonka, wasa ne..."

"Na yi magana," in ji Mai Walda. Muryar ba ta fita da ƙarfi ba.

Doguwa ta saki gorunan ruwa suka gangara. Auta ba ta yi kuka ba. Ta dubi ubanta da irin idonsa.

"In ɗauko jakata yanzu, ko in ƙarasa?"

Mai Walda ya dubi filin da ta baro.

"A gidana ba a barin aiki rabi."

Ta miƙe ta koma. Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani ba su manta ba. Ba ta sake duban bene ba. Ta kora yarinyar can baya, ta jawo ta gaba, ta sake kora ta, sannan ta sauke mata duka a gefen ƙafa. Igiyar raket ta tsinke, ta jefar, ta karɓi wani. Ta ci zagaye na biyu. A na uku suka yi ta kunnen doki, wannan ta ci, waccan ta rama. Direba ya hau kan benci yana ihu da sunan da ake kiranta tana jaririya. Mai Walda bai motsa ba, amma da aka tashi an ga inda ya lanƙwasa hular da ke hannunsa gida biyu.

Bugun ƙarshe ba duka ba ne. Ta ɗaga hannu kamar za ta fasa ƙasa, yarinyar ta ja baya, ita kuwa ta ɗan taɓa abin ya haye raga ya kwanta. Ɗakin ya tashi. Aka rungume Koci har ya faɗi.

Auta ta ba abokiyar karawarta hannu, ta ba alƙali, ta zame daga cikin masu son ɗaga ta. Ta ɗauko jakarta ta rataya, ta zo gaban ubanta.

"Na shirya, Baba. Sauran kayan Doguwa za ta aiko."

Koci ya biyo ta yana haki. "Ina za ki? Yanzu za a ba da kofi! Baba, kai ne mahaifin? Yarinyar nan ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba, ni shaida ne. Don Allah..."

Mai Walda ya wuce shi kamar bai gan shi ba. Ya nufi mutumin mai tabarau, wanda ya sauko daga tsani yana shan ruwa.

"Kai ne alƙali?"

"Ni ne, Baba."

"Mutum nawa ka ɗaure?"

Mutumin ya ƙware da ruwa. "Ɗauri kuma? Ban taɓa ɗaure kowa ba."

"Ka taɓa raba gado? Ka taɓa sa a rantse?"

"A'a."

"In ba ranar wasa ba, me kake yi?"

"Haƙori nake cirewa, Baba. Likitan haƙori ne ni."

Mai Walda ya dube shi daga sama har ƙasa.

"To ka daina cewa kai alƙali ne. Kana ɗaga wa mutane hankali."

Ya dawo ya tsaya gaban ƙanensa.

"Me na ce a gida?"

"Ka ce in ka same ta a kotu gaban alƙali."

"Ka ga alƙali?"

"Mai cire haƙori na gani."

"Ka ga kotu?"

Direba ya waiga hagu, ya waiga dama, ya shafa gemu. "Ni dai raga na gani, Yaya. Da fenti."

"Ajiye jakar," in ji Mai Walda.

Auta ba ta ajiye ba. "Baba, ka ce karatu ka kawo ni, ba wasa ba."

"Na ga abin da kika yi. Wannan ba wasa ba ne. Ajiye."

Jakar ta zame daga kafaɗarta. Sai a lokacin ta fashe da kuka, Doguwa ta riƙe ta.

Lasifika ta yi ƙara a sama: "Ana kiran zakarun bana su fito kotu ta ɗaya domin karɓar kofi. Kotu ta ɗaya."

Direba ya dubi silin. Koci ya dubi takalminsa. Mai Walda ya warware hularsa, ya buga ta a gwiwa, ya sa.

"Zan jira a mota," ya ce wa Auta. "Ba na so in same ki a can. In an ba ki, ki kawo in duba hannuwan. Waldar kamfani ba ta riƙo."

A mota ya ga kiran matarsa ya cika waya. Ya danna. Tun kafin ya yi sallama ta fara.

"Malam, an sake ta?"

"Ba a kama ta ba."

"To yarinyar da ta daka fa?"

"Ta daki wata ma yanzu. A gabana."

"Innalillahi! Kana tsaye?"

"Ina tsaye."

"To kana tahowa da ita?"

Daga cikin ginin ihu ya sake tashi, ana kiran sunan Auta. Mai Walda ya ɗaga gilashin motar.

"Ni kaɗai zan dawo," ya ce. "Ba ta gama karatu ba."